Baƙo a Alkukin Zaure

 Da dama daga cikinku sun sha tare mu a hanya suna tambayar yadda aka yi intanet ta samu wurin zama a gidan Malam, gidan da ko talabijin bai taɓa kwana a cikinsa ba. Masu tambayar iri biyu ne, ko da yake sukan haɗa ta a baki ɗaya: akwai masu son sanin inda ake soka waya da abin da ake latsawa, akwai kuma masu son jin dabarar da aka shawo kan dattijo da ita. Ga na biyun muna cewa tun da wuri, babu wata dabara, kuma ba a shawo kansa ba. Abin da ya faru shi ne za mu zayyana, kowa ya ɗauki rabonsa.

A watan Fabrairu na 2024 ƙanwarmu da ke aure a Kumasi ta ƙasar Gana ta haihu, haihuwar fari. Bisa al'ada, gida ya kamata ta zo tun cikin yana wata bakwai, ta haihu a ɗakin Inna, a yi mata wankan jego, a dama mata kunun kanwa, sai ta yi arba'in a mai da ita. Amma kowa ya san halin da ake ciki a lokacin. Tun bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 iyakokinmu da Najeriya da Benin suke rufe, hanyar Burkina Faso kuwa ba ta mai tsohon ciki ba ce. Sai ta haihu a hannun dangin miji, Inna kuma ta zauna a Damagaram tana ƙirga kwanaki da yatsu. Kiran ƙasar waje yana lashe kuɗin waya kafin a gama gaisuwa. Kiran hoto na WhatsApp kuwa, wayarmu ba ta kama rezo mai ƙarfi sai a bakin titi ko a kan soro, domin gidajen Birni na ƙasa ne, kaurin katangarsu ya fi kamu biyu. Tsohuwa mai ciwon gwiwa ba za ta hau tsani ba, kuma maganar jego ba ta bakin titi ba ce. Muna da kwana bakwai kafin suna.

Mu da muka yi kwaleji a tsakiyar shekarun 2000 mun san intanet a matsayin wurin da ake zuwa, kamar rijiyar bayan gari. Mutum ya tara kuɗinsa, ya je sibar, ya biya na awa ɗaya, ya jira shafi ya buɗe, ya dawo gida ya bar ta can. A zamanin, wanda ke son ta a gida sai yana da layin tarho na Sonitel, kamfanin da aka haɗe da Sahelcom a 2016 ya zama Niger Telecom. Gidanmu bai taɓa samun wannan layi ba, kwanon Starlink kuma bai samu izinin aiki a ƙasar ba sai daga baya. Saboda haka abin da ya rage mana shi ne akwatin da ake sa wa katin SIM, wanda Faransanci ke kira routeur, mu kuwa a gida akwatin wifi muke ce masa. Yayanmu ya kawo rabi, muka cika rabi, muka sayo shi a kasuwa, muka je da katin shaida muka yanki sabon layi, muka zuba masa forfe na wata guda.

Ya kamata mai karatu ya riƙe abu ɗaya, domin rashin saninsa ne ya cinye mana dare guda. Akwatin nan fuska biyu gare shi. Ɗaya tana duban waje, tana magana da dogon ƙarfen kamfani. Ɗayar tana duban cikin gida, tana magana da wayoyi da kwamfuta. Kowace fuska da nata gyara. Waya tana iya nuna alamar wifi a cike, alhali kuwa akwatin bai gaisa da kowa a waje ba, kamar famfon da aka ja bututunsa ko'ina cikin gida ba a haɗa shi da babban layi ba. Haka ta faru da mu. Muka sa kati, muka kunna, wayoyi suka kama, muka yi murna, sai ga wata ƴar fitila ta tsaya ja ta ƙi canzawa.

Sirrin akwatin a ƙarƙashinsa yake, a wata ƴar takarda da aka manna. A nan aka rubuta sunan wifi ɗinsa na asali, da kalmar sirrinsa, da wata lamba mai ɗige-ɗige. Namu 192.168.8.1 ne, wasu kuwa 192.168.1.1 ko 192.168.0.1 suke ɗauke da shi. Wannan lamba ba adireshin wani shafi ba ne a Turai ko Amurka, ƙofar akwatin ce kanta, kuma tana buɗewa ko babu intanet. Ana haɗa waya da wifi ɗin, a rubuta lambar a inda ake rubuta adireshin shafi, sai ɗakin gyara ya bayyana. Da muka shiga, sai muka tarar katin yana jiran lambarsa ta PIN, wadda ke jikin babban katin da aka ɓallo shi daga ciki, wanda tuni muka jefa a kwandon shara. Muka gwada ta ka sau biyu. Allah ya taimake mu muka tuna cewa kuskure na uku yana kulle kati, sai an nemo PUK, shi ma in an yi kuskure sau goma kati ya mutu. Da tocila muka tone sharar a daren nan, ɗan limami guda, kaji suna kallonmu daga akurki.

Ko da PIN ta shiga, fitilar ba ta bar ja ba. Sai da gari ya waye muka koma ofishin da muka yanki layin, wata ma'aikaciya ta rubuta mana kalma ɗaya a bayan rasit. Ita ce APN, wato sunan mashigar da kamfani ke karɓar baƙi ta cikinta. Akwatin da aka saya a hannun kamfani yakan zo da ita a rubuce, wanda aka saya a kasuwa kuwa wani lokaci sai an sa masa da hannu. Muka rubuta, muka adana, akwatin ya mutu ya farfaɗo, fitila ta sauya launi. Aikin da bai kai minti biyar ba.

Saura wuta da wurin ajiya. A lokacin layin wutar da ke zuwa mana daga Najeriya a yanke yake tun Agusta 2023, kuran yakan zo ne kamar baƙon da ke sauri. Amma akwatin volt 12 yake ci, daidai da batirin hasken rana da ke gidan, sai wani mai gyaran rediyo ya haɗa mana waya daga na'urar da ke daidaita cajin batirin, bayan ya tabbatar da bakin da ke ɗauke da wuta da wanda ba ya ɗauke da ita, domin juya su yana iya ƙona akwati nan take. Daga nan muka shiga yawo da shi ɗaki-ɗaki, autanmu yana rungume da batiri, muna duban sandunan rezo. A ɗakin Inna sanda ɗaya. A rumfar kwano ya yi ta hawa yana sauka. A ɗakinmu babu ko ɗaya. Wuri guda ne kaɗai a gidan sandunan suka cika, suka tsaya cak: zauren Malam, a cikin alkukin da ake ajiye fitilar karatu a da, dab da ƴar tagar da ke duban gabas, bisa kan littattafansa.

Muka daɗe a tsaye muna duban juna da auta. Bayan la'asar muka durƙusa gefen buzu muka ce, "Allah gafarta Malam, wata alfarma muke nema." Ya saurara har muka gama, bai ɗago daga littafinsa ba. Sa'an nan ya ce, "Mu dai mun taso mun ji ana cewa zumunta a ƙafa take." Muka ce, ƙafar ce aka rufe wa hanya. Ya yi shiru, ya ɗago ya dubi akwatin, ya ce, "Abin nan, ta inda muryar ƴar uwarku za ta shigo, wani ma yana iya shigowa?" Muka ce yana iya. Ya ce, "To ƙofa ce ke nan. Wa ke riƙe da mabuɗinta?" Muka ce mu ne. Ya ce a ajiye shi har a yi suna, sa'an nan a sake magana.

Ranar suna muka tashi da lissafin cewa agogonmu yana gaban na Gana da awa ɗaya. Muka ja tabarma kusa da ƙofar zaure ta ciki, inda wifi ke isa da ƙarfi, Inna ta zauna, muka riƙe mata waya. Da fuskar ƴarta ta bayyana da jariri a hannu, Inna ba ta yi kuka ba, ba ta kuma yi guɗa ba. Abin da ta fara cewa shi ne, "Wa ya naɗe yaron nan haka? Sassauta masa." Ta kwashe kusan awa tana bincike: ruwan wanka yana zafi sosai, wa ke dafawa, cibiya ta faɗi, me ake ba ta ta ci. Malam ya leƙo daga baya, aka nuna masa jikansa, ya yi addu'a, ya koma. Da dare muka ji yana tambayar Inna ko yaron ya yi kama da wani a dangi. Ba a sake maganar cire akwati ba.

A nan ne muka yi sakacin da ya fi kowane. Akwatin yana da mabuɗi biyu, wanda ake shiga wifi da shi da wanda ake shiga ɗakin gyara da shi, kuma duka biyun ya kamata a sauya su tun ranar farko. Na ɗakin gyara muka bar shi yadda ya zo. Na wifi kuwa muka sauya, amma da lambar wayarmu, wadda rabin unguwa suka haddace saboda masu neman Malam ta hannunmu suke bi. Bugu da ƙari, zaure a bakin titi yake. Akwatin yana watsa wifi ta zango biyu, 2.4 GHz da 5 GHz; na biyun ya fi gudu amma katanga tana tare shi, na farkon ya fi nisa da ratsa bango, shi muka bari a kunne don ya isa ɗakin Inna. Abin da ya ratsa katanga ya isa tsakar gida, ya fi sauƙin fita ta taga ya isa dakali. Forfen wata guda ya ƙare a kwana tara.

Muka shiga ɗakin gyara muka buɗe jerin na'urorin da ke haɗe. Wayoyin gidan ba su wuce bakwai ba, jerin kuwa ya haura ashirin. Sai a lokacin muka fahimci dalilin da ya sa samarin unguwa suka ƙaurace wa mai shayi suka dawo dakalinmu, mu kuwa muna zaton son karatu ne ya kama su. Wasu sun cinki lambar, wasu kuma auta ne ya ba su, ba tare da ya furta ko harafi ba, domin tun daga Android 10 na 2019 waya tana iya nuna kalmar sirrin wifi a matsayin hoton QR, aboki ya haska ya shige. Cikin fushi muka sauya kalmar, muka yi ta doguwa. Tsarin kariya na WPA2 ba ya karɓar ƙasa da harafi takwas, mu muka jera kalmomi huɗu marasa dangantaka da lambobi a tsakani. Muka kashe maɓallin WPS, wanda ke shigar da waya da latsawa ɗaya. Daren nan dakali ya zama kango.

Kwana biyu Malam ya ce, "Ina yaran dakali?" Muka ba shi labari muna jiran yabo. Ya tambaya ko abin yana raguwa in an ɗiba, muka ce awo ne kamar ruwan tanki, kuma da kuɗinmu da na Yaya ake cika shi. Ya aika aka kira samarin, ya gaya musu a gabanmu cewa abin da ya fito ta tagar mutum bai zama na titi ba, kuma wanda ya ci ba da izini ba ya nemi yafiya. Suka nema, muka yafe. Da suka fita ya juyo kanmu. Ya ce rijiyar gidan nan tun zamanin kakanmu ba a taɓa ɗibarta ta kan katanga ba, amma kuma ba a taɓa wayar gari aka sa mata murfi da kwaɗo ba tare da an gaya wa maƙwabta ba. Ashe a cikin yaran akwai maraya, ɗan maƙwabciyarmu, mai shirin jarrabawar bak, wanda darussan lissafi yake saukewa. Malam ya sani, mu da muke da jerin sunaye a gabanmu ba mu sani ba.

Mafitar tana cikin akwatin, ba mu lura ba. Yawancinsu suna da abin da ake kira wifi na baƙi, wato suna na biyu da kalmar sirri ta daban, wanda ke kai mutum intanet ba tare da ya shiga harkar na'urorin gida ba. Muka buɗe shi, muka taƙaita yawan wayoyin da zai ɗauka, aka ba mutum uku da Malam ya zaɓa. Muka kuma sauya DNS, wato littafin adireshin da akwati ke tambaya kafin ya buɗe kowane shafi, muka sa 1.1.1.3 da 1.0.0.3, waɗanda kamfanin Cloudflare ya fitar a 2020 don tare shafukan batsa da masu cutar da na'ura. Kada iyaye su ɗauki wannan a matsayin katanga. Rariya ce. Ba ta ganin abin da ke yawo cikin WhatsApp ko TikTok, yaron da ya san VPN yana zagaye ta, wanda ke da nasa forfe kuwa bai ma bi ta kanta ba. Game da lokaci, akwai agogo a cikin akwatin da ake iya tsara wa sa'ar rufewa, amma Malam bai amince da agogon da ba ya gani ba. Hannunsa ne agogo. Yana zare wayar wuta da magariba, ya mayar bayan isha'i, ya sake zarewa in zai rufe zaure.

Akwai abin da muka so mu tsallake, amma tsallake shi zai sa labarin ya zama na yabon kai. Tun ranar da muka gano jerin na'urori, sai duba shi ya zame mana ɗabi'a, kafin ma a fara zare waya da dare. Jerin ba ya nuna abin da mutum ke kallo, yana nuna wa ke haɗe da kuma yawan abin da ya ci, wannan kuwa ya isa ya sa zuciya ta yi ta saƙa. Wani dare wajen ƙarfe biyu muka ga wayar matar Yaya a haɗe. Da safe muka ce cikin raha, a gaban mutane, ashe akwai masu raya dare a gidan nan. Ba ta ce komai ba, ta tashi ta shiga ɗaki. Daga baya muka ji cewa ɗanta ne ya kwana da zazzaɓi, tana tambayar yayarta ma'aikaciyar jinya abin da za ta yi kafin gari ya waye. Malam bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Kai da ka gan ta ƙarfe biyu, me ya tashe ka?" Sa'an nan ya ce mu buɗe masa wurin da ake sauya mabuɗin ɗakin gyara. Muka buɗe, muka juya baya, ya latsa haruffan da yatsa ɗaya har sau biyu, ya rubuta su da ajami a ƴar takarda, ya sa a gafaka. Ya ce in abin ya lalace a zo a buɗe a gabansa.

Haka aka zauna har azumi ya kama. Ranar Alhamis 14 ga Maris 2024, da hantsi, intanet ta soma ɗingishi, kiran Kumasi kuwa ya ƙi shiga sam. Inna ta shiga damuwa, domin jiya-jiya aka ce mata jaririn yana tari. Muka duba wuta, lafiya. Muka kashe muka kunna, babu canji. Muna son shiga ɗakin gyara, mabuɗi yana gafaka, gafaka kuma tana masallaci tare da Malam wurin tafsiri. To a bayan kowane akwati akwai wani ɗan rami da bai fi bakin allura ba. In aka soka tsinke aka danne kamar daƙiƙa goma, akwati yakan manta duk abin da aka koya masa, ya koma yadda ya fito daga masana'anta. Muka ari allurar Inna muka soka. Nan take APN ta tafi, doguwar kalma ta tafi, wifi na baƙi ya tafi, rariya ta tafi, mabuɗin Malam ma ya tafi. Intanet kuwa ba ta gyaru ba, domin cutar ba a zaurenmu take ba. Da yamma muka ji a rediyo cewa manyan wayoyi huɗu na ƙarƙashin teku, WACS da MainOne da SAT-3 da ACE, sun samu matsala a gaɓar Kodebuwa, ƙasashe da dama na yammacin Afirka sun shiga duhu, Gana tana cikin waɗanda abin ya fi shafa. Ƙasarmu ba ta da teku, amma intanet ɗinmu ta cikin ƙasashen gaɓa take biyowa. Da kiran tarho na kuɗi muka samu surukinmu daga ƙarshe, ya ce tarin ya lafa.

Bayan an sha ruwa muka durƙusa gefen buzu muka faɗi abin da muka yi. Malam ya sa aka sauko da akwatin, ya juya shi, ya kawo fitila kusa, ya daɗe yana duban ramin. Ya ce, "Wato duk wanda ke da allura yana da mabuɗi." Muka ce haka ne, sai dai ba ya yin ta a ɓoye, domin kowace waya a gidan za ta faɗi a lokaci guda. Ya tambaya ko auta ya san da ramin. Muka ce shi ya nuna mana.

A daren muka sake komai daga farko, wannan karon da rasit ɗin ma'aikaciyar nan a gabanmu, muka kuma rubuta kowane mataki a littafi. Da muka zo kan mabuɗin ɗakin gyara muka miƙa masa waya muka juya baya, ya latsa, ya yage tsohuwar takarda ya rubuta sabuwa. Sa'an nan ya jawo kwalbar ƙaron da yake haɗa tawada da shi, ya lakato kaɗan da bakin alƙalami, ya liƙe ramin, ya hura masa iska har ya bushe. Ya miƙo mana akwatin ya ce mu mai da shi alkuki, mu kuma mai da wa Inna allurarta.